Wuƙar da muka riƙa wasawa

Da girmana nake koyon riƙe biro a ajin yamma, kuma duk sanda biron ya zame mini sai in tuna hannun ƙanena.

Mu mahauta ne, a Abbatuwa, mayankar Jos, muke aiki tun muna samari. A wajen fiɗa babu wanda ya kai ƙanena. Sai ya buɗe rago da wuƙa, ya bi da dunƙulen hannu tsakanin fata da nama, fatar ta fita kamar an tuɓe riga. Masu sayen fata tasa suke jira, domin ba a samun huda a aikinsa.

Ta hanyar gajiya ƙwaya ta shigo masa. Wani ya ce masa tana ƙara ƙarfi a ranakun da yanka ya yi yawa. Daga ƙwaya ya koma maganin tari na kwalba. Ido ya yi ja, harshe ya yi nauyi, matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Dutse Uku.

Wata safiya ya huda fata, sannan wuƙar ta zame ta yanki hannun wanda ya riƙe masa ƙafar rago. Sarkin fawanmu, tsoho ne mai ƙaramar murya, ya miƙo hannu.

"Kawo wuƙar."

"Baba, zamewa ta yi."

"Na gani. Kawo."

A wajenmu, in aka karɓe wa mahauci wuƙa to an kore shi ke nan. Amma tsohon ya juyo gare mu ya ce, "Ba zan bari ta yi tsatsa ba. Kullum mutum ɗaya zai wasa ta. Wanda ya wasa, a wannan ranar mai wuƙar yana hannunsa. Ya ci abinci da shi, ya kai shi asibiti in ranar ganin likita ce, ya raka shi har ƙofar gida."

Na ɗauka ni da abokansa na kusa za a bar wa. Sai ga mahauta suna rige-rige. Wani ɗan Ibo da ke sayen kan akuya a wajenmu ya ce a ba shi Lahadi, in ya taso daga coci. Wata Bayarbiya mai sayar da ganda ta ajiye tirenta ta ce ita ma tana ciki.

Wani ya ce, "Haba Iya, mace da wuƙar fawa?"

Ta ce, "Oga, rufe baki. Yaron nan a gabana ya girma. Wuƙa ne zai fi ƙarfina?"

Haka ta zauna ta wasa, tana yi tana zazzaga masa faɗa, shi kuma yana wankin kayan ciki, kansa a ƙasa.

Abin bai tafi sumul ba. Ƙanena ya yi amai, ya yi zufa cikin sanyin Jos, ya zagi mutanen da suka girme shi. Akwai ranar da ya sulale, aka tsince shi bayan katanga da kwalba. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya dubi wanda ke da washin ranar ya ce, "Gobe ma kai ne."

Damina ta wuce, wuƙar tana yawo hannu zuwa hannu har bakinta ya sirance, ba ta taɓa nama ba. Wata safiya tsohon ya sa aka kayar da rago, ya kira ƙanena, ya miƙa masa ita ta wajen ƙota.

Wurin ya yi tsit. Ban taɓa jin Abbatuwa shiru haka ba. Na zuba wa hannunsa ido. Ya ɗan tsaya, ya yi bisimilla, ya sa wuƙa. Da fatar ta fita, tsohon ya ɗaga ta saitin rana, muka matso muna neman inda haske zai ɓullo. Babu.

Iya ta rangaɗa guɗa, ɗan Ibon ya cire hularsa. Ni kuwa na tsaya ina kallon mutanen nan, waɗanda ba uwarmu ɗaya ba.

Tsohon ya ce wa ƙanena, "Wanke hannunka. Wannan cinyar ka kai Dutse Uku da kanka."