Sun cire mini ƙwan ƙofar gida, sun maƙala kyamara

Na dawo daga kasuwar Sandamu, sai ga mai gyaran wuta a kan tsani yana kwance ƙwan ƙofar gidana. Wai ɗana Sani ne ya turo shi daga Abuja, a sa soket a wurin, a jona kyamarar tsaro.

Ƙwan nan fa, tun da aka jawo wuta unguwarmu wurinsa ke nan. A ƙarƙashinsa dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan Magariba. Ko kaza ba a taɓa ɗauke mini ba, don ɓarawo ba ya ratsa majalisa.

Ana sa kyamara kowa ya watse. Maƙwabcina Malam Idi ya ce ba zai zauna cikin duhu ana kwasar maganarsa ana kaiwa Abuja ba. Ba a jima ba aka kwance mini ragon layya.

Sani ya bugo waya har da murnarsa.

"Baba, an samu hoton ɓarawon!"

"Madalla. Ɗan gidan wa ne?"

"Ya rufe fuska da rawani, amma hoton ya fito tar."

"To, Allah ya kai mu Sallah, sai mu yanka hoton."

Jiya na zare igiyar kyamarar, na jona ƙwai a soket ɗin. Ya sake bugowa, wai duhu yake gani a wayarsa. Na ce mu nan haske muke gani, ga Malam Idi ma yana gaishe shi.

Ku da kuka yi boko, ku faɗa mini: akwai wanda kyamararsa ta taɓa yi wa ɓarawo ihu?