Kwalbar Manahil

Manahil Gado ta baro Hartum a 2023, da yaƙi ya ɓarke, da kaya kala biyu da fulas ɗin shayi cike da ƙanƙara. A cikinsa akwai 'yar kwalba wadda ba ta kai ɗan yatsa ba. Furotin ne na ƙwayar cutar kalazar, aikin shekara huɗu a ma'amal, ɗakin da take wa Dakta Ilham gwaje-gwaje. Ta sauka gidan gwaggonta Hajar a Gadarif, kwalbar ta shiga talaja, wato firji, kusa da nama.

Gwajin ba wuya. A haɗa furotin da zaren DNA, a ɗiga a jel mai kama da daskararren kunu, a saki lantarki. Zaren da ba a riƙe ba yakan yi gaba da gudu. Wanda furotin ya cafke sai ya makara a baya. In ya makara, furotin na da rai. Zafi kuwa kashe shi yake yi.

Shekara biyu tana ƙin yi. Yau babu lantarki, gobe babu sinadari. Sai Dakta ta bugo waya: "Ki gwada, Manahil. In yana da rai ki dawo, mun share ma'amal."

Ki dawo. Ta titin da ta tsallake gawarwaki tana rungume da fulas. Tun daga nan ko ƙyauren gida ya bugu sai ta zabura.

Ran Juma'a da hantsi ta fito da kwalbar, ta ajiye kan taga inda rana ke dukan bango, ta tafi kasuwar dawa ba da niyyar sayen komai ba. Ko a zuciyarta cewa ta yi mantuwa ce. Da ta dawo ta tarar da ita a talaja, ba ta tambaya ba.

Ran Lahadi, a ɗakin gwajin da wata ƙawarta ke aiki, ta haska jel ɗin. Layi ɗaya ya yi nisa. Ɗayan yana can baya, baro-baro. Ta ɗauki hoto a waya, ta koma gida.

"Gwaggo, yaushe kika mayar da ita?"

"Ko ƙofa ba ki kai ba, ya bitti, 'yata. Kwalbar da kika hana ni sa kifi kusa da ita? Na ce yarinyar nan ko ta haukace, ko tsoro take ji."

Manahil ta daɗe tana kallon hoton a wayarta. Ta rubuta wa Dakta: "Yana da rai. Aiko wanda zai karɓa. Ni ba zan iya hanyar ba."