Ranar da Wata Ya Tare Rana

Shekarata ta farko a koyarwa, an tura ni lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye a ƙasar Mayahi. Ajina rumfar zana ce, ɗakin kwanana kuma aro ne a gidan wani dattijo, shugaban iyayen yara. Matarsa ba ta taɓa cin tuwo ba ta aiko mini ba.

Wata safiya na gaya wa yara rana tauraruwa ce, kusanci ne ya sa take ƙona mana ƙeya. Na ce ita da taurari masu ɗimbin yawa gari guda suke, irin garin kuma ba ya ƙirguwa a sararin sama. Da bakina ya tsaya nan da an zauna lafiya. Sai na ƙara da abin da na ji a rediyo: mako mai zuwa wata zai gitta ta gaban rana, gari ya dushe da hantsi.

Kafin la'asar dattijon ya kira ni zaure.

"Madam, mi kika hwaɗa ma ɗiyanmu? Lakwal munka kai su ko gidan duba? In abin ya auku, ke bokanya ce. In bai auku ba, maƙaryaciya."

"Baba, lissahi ne. Wanda ya halicci rana da wata shi ya aza musu hanya."

"Ki koma ki ce musu kin yi kure. In ba haka ba, ki bar mini ɗakina."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ba ni da kowa a ƙauyen. Amma in tsaya gaban yara in ƙaryata gaskiya saboda ɗaki? Na ce masa ba zan iya ba.

Ranar ta zo. Haske ya yi laushi, kaji suka nufi akurki. Maza suka tafi masallaci, mata suka fito suna kaɗa kwanoni da tasoshi don a saki rana, kamar yadda suka gada. Na hana yara ɗaga kai, na riƙe musu rariya a kan rairayi. Kowace huda ta zana ɗan lauje na haske. Wata yarinya ta yi ihu, "Madam, ga shi yana cinta!"

Da gari ya washe, matan suka yi guɗa, wai kiɗansu ya yi aiki. Ban yi musu da kowa ba. Da na koma gida na tarar da tabarmata da akwatina a ƙofar zaure. Matar dattijon ta bi ni da kwanon tuwo a ɓoye cikin mayafi, ba ta iya kallon idona ba.

Na ɗora akwatin a ka na nufi rumfar aji, nan na kwana. Washegari fiye da rabin yara ba su zo ba. Na ɗauki alli na rubuta wa sauran da manyan baƙaƙe: rana tauraruwa ce.