Na Je Illela Ganin Busasshiyar Fuska

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da maƙwabcina mai mota. Sana'ata aikin zare a wuyan riga, kuma zufar fuska ta hana ni sakat: ko da sanyi, ɗiga take daga goshina kan farar shaddar mutane. Saura mako biyu a yanke mini jijiyar da ke kawo ta. Ɗan kawuna, mai sayar da yadi a Illela, an yi masa wannan aiki bara a ƙasar waje. Duk sanda na buga waya na ce ya jiki, sai ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Shi na je gani, in ƙara samun ƙarfin gwiwa.

Hanya ba laifi, sai shingaye da manyan motocin albasa masu tafiya kamar ba su so. A Gwadabawa muka ci waina da zafinta. Mai wainar ta dubi fuskata ta tambaya ko da gudu na zo.

Da hantsi muka shiga Illela, ranar kasuwa, raƙuma da babura na rigimar hanya, rabin ciniki da sefa ake yi. Na hango ɗan kawun nawa a ƙofar shago, fuska ƙeƙas, ko maiƙo babu. Wallahi har kishi ya kama ni.

Da ya juya zai ɗauko mini tabarma, sai idona ya sauka a bayansa. Bayan rigarsa sharkaf, tun daga kafaɗa har cinya, wando ya manne masa. Inda ya tashi a kan benci ruwa ne kwance. A ƙusa na ga riguna huɗu rataye suna shan iska. Da na dube shi da kyau, fatar idonsa na dama ta ɗan sauko.

Na ce, “Yaya, mene ne wannan?”

Ya ce, “Zuhwar ce. Hanya anka toshe mata bisa, tas sauko ƙasa. Likita ya hwaɗa min tana iya hakan, ni ko huskata kaɗai nika tunani. Yanzu ko yadi ba ni saɓawa ga kahwaɗa. Masallaci sahun baya nika tsayawa. Idon ga ma aikin ne yat taɓa shi. Kuma jijiyag ga, in anka yanke ta, an yanke.”

“To me ya hana ka faɗa mini?”

“Mi kat tambaye ni? Ya jiki kac ce. Wa ka amsa ya jiki da ba sauƙi?”

Shekara guda ina gina shawara a kan amsar gaisuwa. An kawo fura mai sanyi, na ture ta gefe ban sha ba.

Kafin mu juyo na sayi ƙananan tawul a kasuwa. A mota na kira asibiti na ce a dakata, ina da tambayoyin da ban yi ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: in za ka tambayi mai jinya don ka bi sawunsa, je ka gan shi, ka zagaya ta bayansa.

Bayan la'asar muka iso gida. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago kai ta ce, “Ya jikin nasa?”

Kafin in ankara, na ji bakina ya ce, “Da sauƙi, Inna.”