Bakin Yayata a Azumin Waccan Shekara

Yayata tana da ciwon suga tun tana 'yar firamare. Irin na yara ne, wanda likitan Katsina ya ce jikinta ne da kansa ya kashe abin da ke sarrafa mata suga, don haka allura za ta riƙa yi safe da yamma har iyakar rayuwarta. Gidanmu yana bayan tashar motocin Maradi, kusa da shingen kwastan. Kawunmu direba ne, shi ke sayo maganin a tsallaken iyaka, ya zo da shi cikin fulas ɗin ƙanƙara. Inna ta sa kwalbar a gwangwani, ta binne cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa.

Ba mu da na'urar auna suga a gida. Sai an je asibiti ake aunawa. Abin da likita ya koya wa Inna shi ne ta riƙa duba bakin Yaya. Ya ce in suga ya hau, miyau yana yin kauri, harshe ya bushe, dasashi ya kumbura ya yi ja, kuma kumburin kansa yana ƙara hana sugan sauka. Saboda haka kowace safiya Inna kan kama haɓar Yaya, ta juya ta wajen haske, ta ɗaga leɓen da babban yatsa. In ta ga baki da danshi, dasashi ya lafa, sai ta ɗan mari kumatun ta ce, "Tafi, kin ci jarrabawa." Ni ina gefe ina ɗaura takalmi, ina kallo. Ban cika magana ba a lokacin, ko a gida.

Shekarar da nake ba da labarinta, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba. Hijabanmu na makaranta sun ƙara tsawo, masu gidajen giya sun kwashe sun koma tsallaken iyaka, kowa yana so a gan shi cikin masu tsoron Allah. Da azumi ya matso, Baba ya je wurin limamin unguwarmu da kansa. Liman bai ko ja zancen ba. Ya ce yarinyar nan azumi bai hau kanta ba, in ma aka bar ta ta yi, alhakin yana wuyan iyayenta. Inna kuma ta taka har makaranta ta gaya wa malamar da ke kula da tarbiyyarmu. Ina tsaye bayan Inna a ranar. Na ji da kunnena Malama ta ce, "Allah ya ba ta lafiya." Ta sani, ba wanda zai ce mini ba ta sani ba.

Akwai wani wasa da yara ke yi da azumi. Wani ya ce wa wani, "Fito da harshenka mu gani." In harshe ya bushe ya yi fari, kana azumi. In yana sheƙi, ka sha ruwa a ɓoye. Wasan yara ne, kowa ya yi shi a ƙofar gida ya manta. Malama ita ce ta ɗauko shi ta kawo cikin makaranta. Bayan hutun ƙarfe tara, sai ta jera mu a inuwar darbejiya, ta bi layi da 'yar tsumagiya a hannu, kowa ta fito da harshe. Wadda ta yi shakka a kanta sai ta ce ta tofa miyau a ƙasa.

Ranar farko Malama ta iso kan Yaya. Yaya ta yi allurarta, ta sha kokonta da safe, ta ci ɗan tuwon da Inna ta ƙunsa mata a bayan aji. Bakinta lafiya lau, irin wanda Inna ke murna da shi. Malama ta duba, ta juyo wajenmu.

"Ku zo ku ga rijiya," in ji ta. "Wannan ko guga aka zura sai ya cika."

Aka kwashe da dariya. Yaya ta ce a hankali, "Malama, ba ni da lafiya."

"Na sani, 'yar gata. Ai ban ce komai ba. Ga ki nan ƙatuwa, kin fi masu azumin kumatu."

Ba ta doke ta ba, ba ta taɓa dukanta ba, kuma da wannan ta riƙa kare kanta daga baya. Amma daga ranar sunan Yaya ya koma Rijiya. In ta wuce sai a ce, "A ba mu guga." 'Yan ajinta suka daina zama benci ɗaya da ita, wai warin abinci yana karya musu azumi.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne abin da nake gani a hanyar komawa gida. A bakin shinge akwai rumfar da aka kewaye da zana, inda direbobin manyan motoci ke cin shinkafa da rana tsaka. Matafiya ne, Allah ya yi musu rangwame, kowa ya yarda. Manya-manyan maza masu gemu, suna fitowa suna sakace haƙori. Ban taɓa ganin an tare ɗayansu an ce ya fito da harshe ba.

Bayan 'yan kwanaki sai abin ya sauya. Malama ta zo kan Yaya, ta duba. Harshen ya bushe ƙamas, ya yi fari. Ta ce ta tofa. Miyau ya fito da kauri kamar ƙaro, ya maƙale a leɓe, sai da Yaya ta sa hannu ta tsinke shi.

"Masha Allah!" in ji Malama. "Kun gani? Wadda ake cewa ba ta iyawa, ga shi ta fi ku duka. Ku tafa mata."

Aka tafa. Yaya ta yi murmushi, na ga jini a tsakanin haƙoranta.

A watan nan Inna tana tashi ne ta faɗa aikin ƙosai da kunun da take sayarwa a tasha da yamma, Yaya kuma ta girma, ita ke yi wa kanta allura. In Inna ta ce ta zo a duba, sai ta kurkure baki tukuna, ta hangame shi daga nesa a cikin hayaƙin madafa. Ni ce nake kusa da ita. Na ga asuwakinta ya yi ja. Na ga kiyashi sun yi layi a makewayi bayan ta fito. Numfashinta yana wani irin ƙamshi kamar mangwaron da ya fara ruɓewa. Da na je ɗibar ruwa na duƙa gindin randa, sai na ga yashin da ke kan gwangwani ya kwanta sumul, babu sawun yatsa ko ɗaya. Ba a tone shi ba. Yaya ta gano cewa in ta bar allura bakinta yana bushewa, a tafa mata.

Na tafi wurin Inna tana jiƙa wake. Na ja bakin zanenta na ce, "Inna, zo ki ga yashi." Ta zo ta gani. Ta shiga ɗaki ta kama haɓar Yaya, ta ja ta har tsakar gida, ta ɗaga leɓen. Dasashin ya kumbura ya hau kan haƙora, ja wur, yana tsatsar jini. Inna ta saki salati. Kafin Kawu ya juyo da mota Yaya ta fara amai, tana numfashi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu.

A asibitin Katsina muka ƙarasa azumin. Aka yi ta yi wa Yaya ƙarin ruwa. Likita ya ce da an ƙara kwana, da wani zancen ake yi. A can muka yi Salla, ni da Inna a kan tabarma a barandar ɗakin mata.

Da aka koma makaranta, Inna ta yafa mayafinta ta bi mu. Ta tarar da Malama a gaban layin safe, ta gaishe ta yadda ya kamata, har da tambayar gajiyar Salla. Sannan ta ce, "Malama, hito da harshenki in gani."

Malama ta ja da baya. "Haba Hajiya, gaban ɗalibai?"

"Au, da kunya ashe? Ɗiyata fa, gaban wa kika leƙa nata?"

"Ni ban ce ta bar magani ba. Ko taɓa ta ban yi ba."

"Na zo da ƙafata na gaya miki. Liman ya yafe mata, Allah ya yafe mata, ke ce kika ƙi."

Malama ba ta ba da haƙuri ba, a ranar ko bayanta. Ta ce dai an yi mata mummunar fahimta. Azumin da ya biyo baya ba a jera mu a gindin darbejiya ba, kuma ba wanda ya faɗi dalili.

Sugan Yaya ya daɗe bai daidaita ba, don kumburin dasashin ya ƙi sauka. Haƙora biyu na ƙasa suka yi ta girgiɗi har aka cire su. Inna ta karɓe allurar ta koma yi mata da hannunta, ta koma duba bakin a cikin haske, komai yawan aikin da ke jiranta. Wata safiya, can wajen faɗuwar ruwan farko, ta ɗaga leɓen, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗan mari kumatun ta ce, "Tafi." Yaya ta yi dariya, ta sa gefen hijabi ta rufe giɓin. Har yau haka take dariya.