Bazara mai zuwa, in ji Isiyaka

Labarin ya iske ni a gona da hantsi, ina duƙe ina cirar ciyawa a gindin hatsi. Ɗana Lawali ya zo bisa babur, ko kashe shi bai yi ba, ya miƙo mini talho ya ce, "Inna, daga Ingila ne." Na ɗauka ƙanena Isiyaka ne zai sake cika mini kunne da zancen rana da hadari, na ce a gaya mishi ina aiki. Lawali ya ce, "Ba Kawu ba ne, Habibu ne." Habibu ɗan Isiyaka ne, haifaffen can, Hausarshi kamar mai tauna tsakuwa, kuma bai taɓa kirana don kanshi ba. Na aje hauya na zauna ƙasa. Ya ce, "Gwaggo, Baba ya mutu." Haka nan, babu sallama, babu lallashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masu gaisuwa sun cika gidanmu na Agiye suna ta zuba yabo, rabinsu ba su taɓa ganin fuskarshi ba. Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu, don haka ni ke da bakin magana, kuma ba zan shafa mishi mai ba. Isiyaka mutumin kirki ne mai taurin kai. Tun shina ƙarami bai iya ƙarya ba, kuma bai iya sanyi ba. Lokacin ɗari a bakin murhu yake kwana, har ya taɓa ƙona rigar salla. Ku riƙe wannan zancen na sanyi, zan komo kanshi.

Kakanninmu daga wajen Katsina sunka zo, shi ya sa baffanmu na can ya ɗauke shi ya sa shi lakol, karatun boko. Daga nan sai Kano, daga Kano sai munka ji wai ya haye Ingila. Can ya yi aure, can ya tuƙa babbar motar haya har gashinshi ya yi fari, can matarshi ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama garinshi, aka bar tsoho shi kaɗai cikin gida kamar tunkiyar da anka manta a turke.

Abin da ba zan hana mishi ba, zumunci. Kowace Juma'a sai ya kira. Sai ya tambayi kowa da sunanshi, har jakin Lawali. Da ya ji gwiwata na ciwo, bai huta ba sai da man shafawa ya iso hannuna. Amma da ya gama gaisuwa, sai Ingila ta hau bakinshi.

"Yaya, yau rana ta fito! Kowa ya tuɓe riga ya kwanta cikin ciyawa."

In ce, "Manya da su? Ba su da aiki ne, ko ba su da kunya?"

Ya yi dariya ya ce, "Bazararsu ce, Yaya. Ba ta daɗewa, dole su more ta."

Bazararsu, wai. Daidai lokacin daminarmu take faɗowa. Zafin da suke kuka da shi har a hana su tafiya cikin jirgin ƙasa, in ka kawo shi Agiye sai mu nemi mayafi. Mutanen da in sun haɗu ba su tambayar iyali, ba su tambayar gajiya, sai su ɗaga kai su dubi sama su ce yau kam da dama. Shi ke nan an gaisa. Kuma ƙanena ya kwaso wannan ɗabi'a tsaf.

Wata shekara ruwa ya ɗauke muna bayan shuka. Hatsi ya murɗe, anka fita roƙon ruwa bayan gari, har da mu tsofaffi. Ran nan ya kira ya ce, "Yaya, kin ga mu nan ruwa ya ɓata muna bazara, kullum yayyafi, mun shirya zuwa bakin teku ya hana mu." Na ce, "Isiyaka, ruwan ne ya ɓata maka?" Na miƙa wa Lawali talho, ban sake karɓa ba sai bayan girbi. Bai kare kanshi ba. Tun daga ranar, kalmar farko da ke fita bakinshi ita ce, "Yaya, an yi ruwa?" Ko cikin rani. In ya yi kuskure sau ɗaya yake yinshi, wannan na shaide shi.

Siyasarsu ma ya sha kawo mini. "Yaya, sun sake canza firaminista." In ce, "Wanda ka faɗa mini bara fa?" Ya ce nashi mutanen ne sunka tunkuɗe shi. Wai suna da sarki, amma sarkin ba ya yanke hukunci, sai ɗaga hannu daga cikin mota. Wai manyansu na zama fuska da fuska suna yi wa juna ihu kamar 'yan kasuwar dabbobi ta Gidan Rumji, su kuma talakawa suna tsaye cikin layi shiru. Yakan ce, "Layi, Yaya, shi ne abin da ba a wasa da shi nan. Ka taka mutum, shi zai ba ka haƙuri, amma kada ka tsallake shi a layi." Yakan kuma ce, "Ba mugaye ba ne, kunyarsu ce daban." Na ce mishi kunyar da ke hana ka leƙa maƙwabcinka ba kunya ba ce.

Ya so ƙwarai in je. Kowace shekara da jerin wuraren da zai kai ni. Bakin teku inda ake cin soyayyen kifi da dankali a tsaye, tsuntsaye na fizge wa mutum daga hannu. Wasu tafkuna can arewacinsu, da duwatsu kore shar, tumaki na yawo babu makiyayi. Ya ce in zo cikin bazararsu, lokacin rana ba ta faɗuwa da wuri. Na ce, "In bar gona cikin damina in je kallon tumakin wasu? Kai za ka zo." Ya ce, "To, bazara mai zuwa, in sha Allahu." Ya ce in ya zo, ya zo ke nan, kusa da babanmu yake so a rufe shi.

Na ɗauki maganar. Ɗakinshi na nan gabas da rumbu. Kowace shekara kafin ruwan fari nakan sa a kwaɓa ƙasa a yaɓe shi, a gyara indararo. Lawali ya sha cewa in ba shi ya zuba harawa, na hana. Bazara ta zo ta wuce, wata ta zo. Yau hutu bai samu ba, gobe likita ya ba shi rana, jibi jika za ta gama lakol.

Kun san yadda anka gane ya rasu? Shara. Can kowane gida na da mazubin shara mai taya, kuma da ranar da ake turo shi bakin hanya. Isiyaka bai taɓa kuskure ranar ba, har na wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarshi shi ke turo mata. Da ta ga nata da nashi ba su fito ba, sannan ta kira polis. Shekara da shekaru bango ɗaya ya raba su, ba ta taɓa taka cikin gidanshi ba. Nan Agiye in tsoho bai fito sallar asuba ba, kafin a sha koko an buga mishi ƙofa. Can sai da shara ta yi cigiyarshi.

Hukumar can ba su ba da gawar ba. Wai sai an bincika. Sunka sa shi cikin firigo mai ƙanƙara, Isiyaka, wanda ya ƙona rigarshi don gudun sanyi. Juma'a ta zo ta wuce shina ciki. Da sunka sake shi, Habibu ya kira ya ce, "Gwaggo, Baba ya ce ke za ki faɗa. In za a kawo shi gida, zai ƙara jira a wurin nan. In a nan ne, akwai maƙabartar Musulmi, gobe za a yi."

Na dubi ɗakin. Yaɓen bana ko tsagewa bai yi ba. Na ce, "Ku fid da shi daga sanyin nan. Ku rufe shi gobe." Ingila ta ci shi da rai, na bar mata gawar ma. Ba don na yafe mata ba.

Bayan jana'iza Habibu ya ce, "Gwaggo, ki zo ki ga kabarin. Bazara mai zuwa, lokacin babu sanyi." Na ce, "Kai, ɗan nan, kada ka sake yi mini wannan kalma. Ɗakin ubanka na nan. Yaɓe ɗaya ya rage da zan yi mishi. In ruwan fari ya sauka ban gan ka ba, Lawali ya zuba harawa."

Allah ya jiƙan Isiyaka, ya yafe mishi kurakuranshi, ya yalwata mishi makwanci cikin ƙasar da ba tashi ba, ya haɗa shi da iyayenmu a Aljanna. Allah ya shiryi Habibu da 'yan'uwanshi, ya nuna musu hanyar gida tun ina da ido. Tsohuwar nan ma, Allah ya ba ta wanda zai turo mata shara. Mu da munka saura, Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa in tamu ta zo, mutum ne zai buga muna ƙofa. Amin.