Ranar da Guɗar Gwaggo ta Tsayar da Wasa

Sunayen shugabannin Amurka da aka sa muka haddace a sakandare, alhamdulillahi na manta fiye da rabinsu, kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba. Amma wasan ƙwallon kwando da muka buga a shekarar da makarantarmu ta cika shekara ɗari, wannan kam ni da mantawa da shi sai dai in ƙasa ta rufe idona.

Lokacin ina da shekara goma sha shida, muna zaune a Amurka, a unguwar Morris Heights, hawa na biyar a wani gini da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Babana direban tasi ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya ce a'a sau ɗaya yake jin ya yi dogon jawabi. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya irin ƙwallon kwando. Kocin 'yan mata ta ga yadda nake jifa a darasin motsa jiki, ta ba ni takardar izinin iyaye, ta ce da zarar an sa hannu na shiga tim. Na kai wa Baba. Ya karanta ta gaba da baya, har da ƙananan rubutun da ba a yi su don a karanta ba, ya miƙo mini.

"Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "karatu na kawo ki yi. Tsalle-tsalle gaban jama'a da ɗan guntun wando, ban ga ajin da ake koyar da shi ba."

"Baba, dogon wando zan sa."

"Yau dogo, gobe gajere. Na ga yadda wando ke ƙanƙancewa a garin nan."

Haka takardar ta yi zango biyu a ninke cikin littafina na tarihi, tana tsufa tare da yaƙe-yaƙen da ke ciki.

Da bikin shekara ɗari ya matso, malamar tarihi ta kai mu wani ɗaki a ƙarƙashin laburare, inda aka jibge littattafan da ɗaliban farko suka riƙa bugawa duk ƙarshen shekara. Na buɗe su ina tsammanin zan tarar da salihan bayi, tunda a hoto ba wanda ke murmushi. Ina! Shaƙiyyai ne na ƙarshe. Sun zana malamin Latin da kan tunkiya. Sun rubuta wa miyar ɗakin cin abincin makaranta ta'aziyya mai shafi guda. Akwai wani yaro da suka ba kambun makara, suka ce ko ranar yaye su sai da aka jira shi. A nan na fara gane cewa shekara ɗari ba ta canza ɗalibi, tufafi kawai take canza masa.

Tufafin kuwa su ne suka tsayar da ni. A wani shafi ga 'yan matan ƙwallon kwando sun jeru, kowacce da riga mai dogon hannu da faffaɗan wuya irin na matuƙan jirgin ruwa, da wando buje har ƙasan gwiwa, da doguwar safa. Ban da fuska da tafin hannu ba abin da ke waje. Malamar ta ce ranar biki ajinmu zai kara da 'yan ajin ƙarshe, da irin wannan shiga da kuma dokokin wancan zamani: a raba fili uku, kowacce ta tsaya a yankinta, ba fizgar ƙwallo daga hannun wata, ba riƙe ta fiye da daƙiƙa uku, ba buga ta ƙasa fiye da sau uku. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba.

Da yamma na ajiye wa Baba kwafin hoton kusa da kofin shayinsa, da takardar dokokin. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan 'ya'yan Turawa ne?"

"Su ne, Baba."

"To me ya same su daga baya?"

Har yau masana tarihi ba su ba ni amsar wannan tambaya ba. Can ya ce, "Zan zo in gani da idona. In wasa ne na mutunci, ki kawo takardarki. In shirme na gani, kada ki sake tayar mini da maganar nan." Ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba.

Kuskurena ɗaya: na faɗa wa 'yan ajinmu cewa gwaggona ta san tela. Gwaggo yayar Baba ce, tana aikin kula da tsofaffi, kuma ba a taɓa yin biki tsakanin Bronx da Harlem ba tare da ita ta fitar da anko ba. Ta karɓe hoton, muka hau jirgin ƙasa zuwa 125th Street wurin wani tela ɗan Nijar. Na ce masa baƙi ko shuɗi mai duhu za a yi, kamar yadda yake a hoto.

Gwaggo ta dube ni da tausayi. "Uwata, wa ya ce miki baƙi ne? Hoton ne ba shi da launi. Kina nan aka ɗauka?"

"Wallahi Hajiya ta fi ki gaskiya, madmazel," in ji tela, awo rataye a wuya. "Biki na shekara ɗari, a fito kamar masu takaba?"

Na karanta littattafai da dama tun daga lokacin, ban ci karo da hujjar da ta rusa ta Gwaggo ba. Haka muka tashi da kaya shida na shadda ruwan hoda, an buga ta har tana ɗaukar ido, wuyan matuƙan jirgin nan an zuba masa aiki ruwan gwal. 'Yan ajinmu, biyu 'yan Dominika, ɗaya 'yar Jamaika, biyu 'yan Gana, suka yi ta ihu suna juyi gaban madubi. Malamar tarihi ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta ce tarihi dai fassara ne.

Ranar wasa ɗakin wasannin makaranta ya cika maƙil tun bayan azahar. 'Yan ajin ƙarshe suka shigo da baƙaƙen kayansu na haya, a natse. Muka shigo muna ƙwaras-ƙwaras, don shaddar da aka buga ba ta san sirri ba, ɗakin ya ɗauki tafi da sowa. Malamar tarihi ce alƙalin wasa. Saboda son asali ta sa an rataye kwandon 'ya'yan itace na gaske mai gindi, duk ƙwallon da ta shiga sai mai gyaran makaranta ya hau tsani ya ciro. Ta kuma samo wani tsohon usur na gwangwani mai siririyar murya, yana karkarwa in an hura. Can a layi na uku na hango Baba da hularsa, hannu a harɗe, Gwaggo a gefensa da matan unguwarmu. A mota ya riga ya roƙe ta: "Yaya, don Allah tafi kawai. Ba gidan biki ba ne." Ta ce ta ji.

Wasa ya yi wasa! Ba ka jin komai sai ƙarar takalma da ƙarar shadda. Duk wadda ta manta ta tsallake layi sai usur, jama'a su kwashe da dariya. Mai tsani ya hau ya sauka har ya fara harararmu in mun ɗaga hannu. Suka ci, muka rama, suka sake ci. Sau biyu na jefa ta shiga, na saci kallon layi na uku, na ga Gwaggo ta toshe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Baba kuwa leɓensa kawai ke motsi, na ɗauka tasbihi yake yi.

Saura 'yan daƙiƙu a tashi, suna gabanmu da maki ɗaya. 'Yar Jamaika ta cafe ƙwallo a tsakiya, ta wurgo mini. Na karɓa, dogayen 'yan mata biyu suka taso mini. A nan haƙurin Gwaggo ya ƙare. Ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa, siririya, doguwa, mai karkarwa, irin wadda ake ji daga farkon layi in an kawo amarya.

Duk wadda ba a gidan Hausawa ta tashi ba, usur ta ji. 'Yan ajin ƙarshe suka tsaya cik, hannuwa a ƙasa, suna duban alƙali. Ni da aka yi mini guɗa tun ranar sunana, na san ko mene ne. Na ratsa tsakaninsu, na daidaita, na jefa. Ta faɗa kwando, tim! Ɗakin ya kece. Muka rungume juna muna tsalle, matan unguwa suka haɗu da Gwaggo, malamar tana ɗaga usur sama tana rantsuwa ba ta hura ba, saboda haka ci ya tabbata.

Sai na ga Baba yana saukowa, a hankali, kamar zai je sahun gaba a masallaci. Ya gaishe da malamar da Turancinsa na tasi, ya ce wannan ba ci ba ne.

"Yallaɓai, ai ban hura ba," in ji ta.

"Na sani. Daga gidanmu aka hura." Ya zaro takardar dokokin nan daga aljihu, ta yi laushi don ninki. "Kuma sau huɗu 'yata ta buga ƙwallon a ƙasa. Nan an ce uku. Na ƙirga."

Ashe ba tasbihi yake yi ba. Tun farkon wasa bugun ƙwallona yake ƙirgawa.

Aka soke cin, aka ce a maimaita daƙiƙun ƙarshe. Gwaggo ta zauna tana huci. Ƙwallo ta sake zuwa hannuna, wannan karon da hannuwa huɗu a fuskata. Na yi tsalle na jefa. Ta hau bakin kwando, ta zagaya shi kamar mai neman adireshi, ta faɗo waje. Usur na gaske ya yi kuka. An cinye mu da maki ɗaya.

A tasi na zauna baya ina haɗiye kuka, na tabbata takardata ta mutu. Gwaggo ce ke ta faɗa. "Ban taɓa ganin uban da zai sauko da ƙafarsa ya ƙwace wa 'yarsa ci ba! Ko alƙalin ma ta yafe, kai ne sarkin gaskiya?" Muka tsaya a jar danja. Sai Baba ya miƙo hannu baya.

"Mamana, ina takardar nan?"

Na zaro ta daga littafin tarihi. Ya ɗora ta kan sitiyari ya sa hannu.

"Yarinyar da ba ta iya cin na ƙarshe sai an tsaya mata, tana bukatar koci," ya ce. "Da dogon wando."

Gwaggo ta sake kama hanci. Wannan karon cikin mota ne, gilashi a sauke, kuma wallahi motar da ke gabanmu sai da ta raɓe gefen titi, ta ɗauka jiniyar motar asibiti ce.

Na buga wa makarantar shekara biyu, na ci ƙwallaye da yawa da ba na iya tuna ko ɗaya. Yanzu ni ma malama ce, kuma wadda aka soke ita nake ba ɗalibaina labari. Abin da ta koya mini shi ne, cin da ka samu don wasu sun tsaya ba naka ba ne, ko da alƙali ya ba ka. Sannan wanda kake gani ya tare maka hanya, kafin ka yi fushi da shi, duba aljihunsa tukuna. Wataƙila shi kaɗai ne a ɗakin ya zauna ya karanta dokokin wasanka.